Itacen Jegon da Ba a Ƙona Ba

Ba zan faɗi sunanta ba. 'Yar fari ce, mu kuwa a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ko da baki ko a takarda. "Yarinyar nan" nake ce mata tun tana rarrafe, kuma haka nake cewa har yau da ita ma furfura ta fara leƙo mata. 'Yan boko na cewa ƙauyanci ne. To, su je su yi ta ƙwala wa nasu kira daga bakin titi, ni ban hana kowa ba.

Ita kaɗai Allah ya bar mini. Uwarta ta rasu shekarar da aka kwaso mu aka zube a Dar Salam, can bayan Umdurman, inda in ka juya yamma ba abin da za ka gani sai rairayi da tsummokaran leda. Sana'ata sayar da ruwa: jaki ɗaya da karo, wato amalanken nan mai ɗauke da ganga. Kafin nan tsinkar auduga na yi a Jazira, kamar mahaifina, wanda ya baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya yanke masa a hanya, ya ce bari ya yi damina ɗaya. A gonar ya tsufa, a can aka binne shi.

Ranar da sojoji suka karɓi mulki na yi murna, ba zan ɓoye ba. 'Yan siyasa sun gundure ni, kullum surutu, burodi kuwa sai an bi layi. Waɗannan suka zo suka ce shari'a za su yi. Aka matsa wa masu dafa giya a lunguna, aka ce kiɗan biki ya riƙa tsayawa da wuri don mutane su samu sallar asuba, aka ware wa mata kujeru a mota. Har gobe ina cewa waɗannan daidai ne, wanda zai ji haushi ya ji. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne yadda gwamnati ɗaya za ta sa mata su rufe kai, sa'an nan ta buɗe rediyo da hantsi ta zaunar da wata yarinya mai zaƙin murya tana koya wa 'ya'yanmu cewa duk abin da kakanninsu suka yi al'ada ce mai cutarwa. Cire beli cutarwa, ƙaho cutarwa, ungozoma cutarwa. To mu da aka yi wa duk waɗannan, fatalwa ce ke yawo da jaki tana sayar muku da ruwa?

Kuma gwamnatin nan ce ta turo mana katafila.

A lokacin muna zaune a wata unguwa ta bukkoki da ɗakunan laka a gefen Umdurman, wadda aka ce ba ta cikin tsarin gari. Matata ta haihu, namiji, bai kai suna ba ya koma. Amma ko ɗa ya koma jego na nan, dole a yi wanka. Ga wanda bai sani ba: mace in ta haihu jikinta ɗanye ne, a buɗe yake, sanyi na neman hanyar shiga. Sai a tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa mata a jiki, ta sha kunun kanwa da zafinsa, har kwana arba'in. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa tata uwar, daga Haɗeja har bakin Nilu. Larabawan da muke maƙwabtaka da su kan yi mana dariya, wai a zafin Hartum wa ke neman ƙarin wuta. Su da matansu ke zama a kan rami hayaƙi na turara su kamar kifi!

Matata ta yi rabin wankan ke nan aka zo rushe unguwar. Aka loda mu a manyan motoci da gadajenmu da tukwanenmu, aka sauke mu a fili, aka nuna wa kowa turaku aka ce ga gidanka. Ba ruwa, ba inuwa, ba ƙirare ko na dafa shayi. Wanka ya yanke. Lokacin sanyi ne kuma, iskar arewa na shigowa ta ƙarƙashin buhunan da muka kafa. Ƙafafunta suka kumbura, cikinta ya kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Kafin in gama ɗora rufin ɗaki ɗaya ta cika. Duk wanda ya zo gaisuwa abu ɗaya ya faɗa: an katse mata wanka, sanyi ya shige ta. Ni ma abin da na sani ke nan, kuma a kansa na zauna shekara da shekaru.

Yarinyar nan lokacin ba ta daɗe da fara azumi ba. Na bar ta ta yi karatu, don uwarta ta roƙe ni. Da ta ce aikin jinya za ta koya na yi ta jujjuya abin a raina, sai na ga ai gara mace ta duba mace da a ce ƙato ne zai duba matan mutane. Ta samu aiki a wani asibitin haihuwa. Ta auri wani yaro ɗan tsofaffin gidajen Umdurman, asalinsu namu ne, amma Hausarsu ta tsaya a "sannu" da "na gode". Yaron kirki ne, ban taɓa kama shi da laifi ba, sai dai in ka ja shi da gaisuwa ya yi ta yi maka murmushi har ka gaji ka koma Larabci.

Da aka kai ta, gidan ya zama ni da jaki da rediyo. Ban sake aure ba. An yi mini tayi, raina bai kwanta ba. In na dawo da la'asar sai in kwance jakin, in ba shi ruwa, in zauna a rakuba, 'yar rumfar da na kafa a tsakar gida, ina ba shi labarin wanda ya yi mini rashin kunya a bakin famfo. Shi kaɗai ya rage da nake yi wa Hausa kullum. 'Ya'yan maƙwabta, in na yi musu magana da ita, da Larabci suke amsawa, iyayensu na zaune ba mai ce musu kanzil. Kewa ba ta kisa, amma wallahi tana rage wa mutum nama.

Masu rigakafi ma sai da suka ƙara mini. Duk bayan 'yan watanni su zo gida-gida da akwatin ƙanƙara, su buga ƙofa: akwai yara? In ce babu. Su ɗauki alli su zana alama a jikin ƙofar su wuce. Ni ba na faɗa da allura, ga tabon lamba nan a dantsena tun Jazira. Abin da ke ci mini rai, maganin da ba ka nema ba shi ke bin ka har gida, amma ranar da matata ke neman numfashi a ƙarƙashin buhu ko mai akwati ɗaya bai leƙo ba. Ga allin nan kuma yana sanar da duk mai wucewa cewa gidan nan ba yaro. Suna juya baya nake gogewa da ruwan ganga.

Ranar Juma'a take zuwa. Ta share gida, ta wanke mini kaya, ta tuƙa tuwon da zai kai ni Asabar, ta saurari labarin jaki tana dariya. Ba wanda ya gaya mini tana da ciki, kuma ba wanda zai gaya mini. Wata Juma'a na ɗora jabana, gahawar nan tamu mai citta wadda takan sha finjali biyu ko uku, sai na ga ta kawar da kai ta toshe hanci da gefen tob ɗinta, mayafin nan da matan Sudan ke naɗawa. Na sauke na yi kamar ban gani ba. Amma tana fita sai da na rungume wuyan jakin nan, ya yi ta kaɗa kunne yana mamaki.

Washegari na fara tara itace.

A al'adarmu cikin fari a gidan iyaye ake haihuwarsa. In ya kai wata bakwai yarinya ta dawo gida goyon ciki, ta haihu, ta yi wankanta, sai bayan arba'in a mayar da ita ɗakinta ta yi ɓul-ɓul. Itacen kuwa tun da wuri ake tara shi, ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙa'ida miji ne ke kawowa, amma wannan da ya tashi ya ga ana girki da gas, ina ya san itacen jego? Na ce ni zan yi. Kuma ba kowane itace ba, bagaruwa nake so, mai garwashin da ke daɗewa. A Dar Salam kuwa itace ya fi nama wuyar samu. Hukuma ta sa wa masu sara ido, wai hamada na cin ƙasa, kowa ya koma gas. Sai na riƙa tare direbobin manyan motocin da ke fitowa daga kudu, in ba su ruwan wanka da na lagireto, su jefo mini gungume ɗaya ko biyu daga ƙarƙashin kaya.

In na dawo sai in faskara, in jera a jikin bangon da ke dab da ƙofa, inda duk wanda ya shigo sai ya gani. Da gangan na zaɓi wurin. Ni ba zan iya buɗe baki in ce wa 'yata ta fari na san halin da take ciki, ta dawo gida ba. Ƙasa ta tsage in shige ya fi mini sauƙi. Itacen ne zai yi mini magana. Maƙwabta suka fara tsiya: "Malam, gidan burodi za ka buɗe ne?" Na ce e, in na buɗe ku ne ba zan sayar wa ba.

Ta gani. Juma'ar farko ta tsaya a ƙofa ta dube shi, sa'an nan ta raɓa ta jikin ɗaya bangon ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Na ɗauka farin tob ɗinta na aiki take karewa kada ƙaya ta kama. Juma'ar da ta biyo sai ga ta a raksha, keken nan mai ƙafa uku, aka sauke tukunyar gas sabuwa fil da murhunta.

"Baba, hayaƙi na ɓata ido," in ji ta, tana kallon ƙasa.

Na gane sarai. Na ce Allah ya yi albarka, na mirgina tukunyar zuwa rakuba na ɗora rediyona a kai. Tsayinta daidai da kunnena in ina kishingiɗe. Kafin ta sake zuwa kuwa itace ya ƙaru da layi guda. Haka muka yi ta yi, ita ta zo ta ɗaga tukunyar gas ta ji nauyinta bai ragu ba, ni in ga ta gani, mu ci tuwo mu yi hirar tsadar sukari.

Wanka aikin mata ne, ni iyakata itace da ruwa. Sai na shirya na tafi unguwar Mayo wajen gwaggon marigayiya, tsohuwar ungozoma, wadda ta wanke matata a duk haihuwarta. Tafiya ce ta yini guda: mota zuwa Umdurman, a haye gada, a sauka Suk al-Shabi a sake wata. A tashar na ji wasu masu gasa nama suna zagin juna da Hausa, tsantsarta, irin ta da. Na tsaya kusa da su kamar mai jiran wani, har mota ta cika ta tafi ta bar ni, sai da na jira ta baya.

Na tarar da Gwaggo a ƙofar gida tana ƙulla gyaɗa a leda. Ta tsufa, amma hannun nan na nan kamar na maƙeri. Na durƙusa na gaishe ta, na shiga kewaye-kewaye, daga tsadar gero na koma zafin bana, har ta gaji.

"Kai ɗan nan, jikata ce ke da ciki ko jakinka?"

Na sunkuyar da kai. Ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Ta ce yanzu an hana su karɓar haihuwa, an kawo ungozomar gwamnati mai akwatin ƙarfe, wadda ko gashin cibiya ba ta iya ba. "Amma wanka ba su hana ba tukuna. Zan zo. Ita ka tambaye ta?"

"Ni, Gwaggo? Da wane bakin?"

"To. 'Ya'yan yanzu sai an tambaye su," ta ce, ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta.

Wata na bakwai ya shiga ya fita. Na yaɓe ɗakin uwarta, na sake saƙa igiyar angareb, gadonmu na katako da igiya. Na sayo gero da kanwa. Na fito da tsohuwar tukunyar wankan, ita ɗin dai da muka ɗauko ranar rushe gida, na goge tsatsarta da yashi, na ɗora ta a kan duwatsu uku a tsakar gida. In na ji ƙarar raksha a lungu sai in leƙa in ga ko ita ce da akwati. Ba akwati. Sai tsoro ya fara shiga ta. Da ma ina ɗokin gida ya cika, in ji kukan jariri, in ji mata na faɗa a kan tsintsiya. Yanzu kuwa abin ya wuce ɗoki. Ni na ga abin da rabin wanka ya yi wa uwarta, ga 'yar tana shirin ƙin yi ɗungurungum. Ko a sallah nake sai in ga ƙafafun nan kumburarru.

Gwaggo ta iso da ƙunshin kayanta wata ranar Alhamis. Washegari yarinyar nan ta shigo, ciki ya tsufa, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Ta ga Gwaggo, ta ga tukunya a kan murhu, kuma na lura tukunyar ta fi kallo. Ta gaishe mu ta zauna a bakin angareb. Ta juya wajen Gwaggo, kamar yadda ya dace, ta ce a asibitinsu za ta haihu, daga can gidan mijinta za ta wuce, kuma ba za ta yi wankan ba, kunun kanwa ma ba za ta sha ba.

Na juya musu baya na fuskanci jaki. Na ce, "Gwaggo, a gaya wa yarinyar nan asibiti ban hana ba, ta haihu inda take so. Amma a tuna mata abin da ya kashe uwarta."

"Yaba."

Da Larabci ta kira ni, kuma ni ta kira, ba Gwaggo ba. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba sai ranar.

"Ni na san abin da ya kashe ta. Kumburin tun kafin katafila ya fara. Kai kana fita da jaki tun asuba, ni ce a gida. Takalminta ya daina shiga. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci, ta ce kada in gaya maka. Yanzu kullum ina ganinsu a asibiti, matanmu ne, daga Mayo, daga nan. Zuciya ce ke gajiya, ga kanwa ga zafi, sai ruwa ya taru a jiki." Hausa ta ƙare mata ta koma Larabci, ta sake dawowa. "Wa ke hura wutar, Yaba? Ni ce. Gwaggo ta taɓa ruwa ta ce bai yi ba, a ƙara itace, in ƙara. Inna na cewa ya isa, ni ina ƙarawa, don an ce in ya huce mutuwa za ta yi. Da hannun nan."

Ta ɗaga hannun tana nuna mini.

Gwaggo ta fusata. "Ke, rufe mana baki! Matan da na wanke sun fi gashin kanki yawa, ga su can suna aurar da jikoki. Ita uwar taki sau nawa na wanke ta ta tashi garau? Kwana ne ya ƙare!" Yarinyar nan ta dafa gado ta miƙe, ta yi mana sallama, ta raɓa ta jikin bango ta fita. Sai a ranar na gane ba tob take karewa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi ta faɗa, na zagi rediyo, na zagi makaranta, na ce ga ribar boko nan, 'ya ta dubi tsabar idon ubanta ta kira shi da yaren wasu. Gwaggo ta ɗan zauna ta ga ba abin yi, ta ɗaure ƙunshinta. Na ba ta geron da kanwar. Na raka ta tasha, na dawo na tarar gidan ya ƙara faɗi.

Ta haihu lafiya, mace. Mijin ne ya zo ya faɗa mini, yana ta murmushin nan nasa. Ranar suna na sa jallabiyata ta Idi na tafi. An kafa rumfa a titi, an yanka rago, an karɓe ni da mutunci, har da ba ni kujera a gaba. Na yini a tsakiyar jama'a, Larabci ta ko'ina, ba wanda zan juya in ce wa ko "ka ga ikon Allah". Ba wanzami, ba maroƙi. Daga cikin gida ƙanshin turaren wuta ke fitowa, ba na ganyen darbejiya ba. Na kasa kunne ko zan ji muryarta, ban ji ba, kuma uba ba ya shiga ɗakin mai jego. Na dawo da ƙunshin nama na miƙa wa maƙwabta.

Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo kamar sauran arba'in ɗin nan ba. Da hantsi, lokacin da ya kamata hayaƙi ya tashi a gidana, sai in tsinci kaina a bakin famfo ina cewa yanzu da an sauke tukunya. Duk rakshar da ta shigo lungu sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an zo gaya mini ta kumbura. Na rame har masu sayen ruwa suka fara tambaya ko lafiya.

A cikin kwanakin ne mai gidan burodin unguwarmu ya zo, ya ce ya ji ina da busasshiyar bagaruwa, in sayar masa. Na ce ya kawo amalanke gobe, na gaji da ganinta. Da ya tafi na zauna a rakuba ina kallon itacen. Sai maganar yarinyar nan ta dawo mini. Ba ta zuciya da kanwa ba, wannan ban yarda da ita ba, har yau kuma ban yarda ba. Hannun nan da ta ɗaga shi ya tsaya mini. Yarinya ƙarama a tsugune gaban murhu tana tura itace, sa'an nan ta girma ta shiga makaranta, malami ya tsaya gaban allo ya gaya mata ga abin da ta tura. Tun ranar take ɗauke da wannan ita kaɗai, tana zuwa duk Juma'a tana wanke mini kaya, tana dariyar labarin jakina. Tausayinta ya kama ni.

Sai na ga abin a fili. In maganata ce gaskiya, katafila ce ta kashe matata, da wanda ya turo ta, hannun yarinyar nan kuwa fes yake. In tata ce gaskiya, to ita ta hura. Ranar da ta shigo ta ga an kwashe itacen nan za ta ce Baba ya sallama, shi ma ya yarda. Wallahi ko likitocin duniya za su taru a ƙofar gidana da littattafansu ba zan yarda ba. Da mai burodi ya zo da safe na ce na fasa. Ya ce ai dattijo ba ya magana biyu. Na ce yau ya yi.

Bayan arba'in sai ga raksha. Ta shigo da jaririya a hannu, ba a goye ba, ta raɓa ta jikin bango, ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa, idonta a ƙasa kamar da. Ni ma nawa idon a ƙasa yake, amma ƙafafunta nake kallo. Ta lura. Ta zauna a bakin angareb, ta ɗan ja tob sama, ta sa babban yatsa ta danna idon sawunta da ƙarfi, ta ɗaga. Wurin bai lotsa ba. Ta danna ɗayan, shi ma haka. A zuci na ce alhamdu lillahi. A fili kuwa na ce sanyi ba ya nuna kansa shekarar farko.

Ta miƙo mini jaririyar. Jika kuwa abokiyar wasa ce, da ita ba kunya, abin da ka ga dama za ka faɗa mata. Na karɓa na ce, "Kai, wannan amarya tawa! Ga hanci kamar an taka. Ni na fasa auren." Uwar ta yi 'yar dariya. Na gyara riƙo, na kai bakina kusa da kunnen jaririyar, amma ban rage murya ba.

"Amarya, in kin koma gida ga saƙo ki kai wa uwarki. Ki ce mata ni na kama hannun kakarki ta hau motar nan, da ƙafarta ta hau. Katafila ce, da sanyin filin nan. Wutar da aka hura mata ita ta riƙe ta har ta kawo nan. Ki ce mata wadda ta hura aikin lada ta yi."

Yarinyar nan ta ja tob ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni kuma na yi ta wasa da yatsun jaririya, don ban san inda zan sa idona ba. Can daga cikin mayafin ta ce, "Ta ji, Baba."

Ta ji ta ce, ba ta ce ta yarda ba. Kafin magariba suka tafi, ta raɓa ta jikin bango kamar kullum. Ta yi haihuwa uku bayan wannan, duk a asibiti, ba ta taɓa wankan ba, ƙafarta kuma ba ta taɓa kumbura ba, ina dubawa. Jakin ya mutu na sayi wani. Itacen na nan inda na jera shi, ya yi baƙi, ya zauna. Duk ranar Alhamis nakan zagaye shi da toka saboda gara, don in ta zo Juma'a ta tarar da shi a tsaye.